Jinin da Ke Cikin Kwalbar Maigidana

Ku matso, ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku, in na gama sai in mayar muku da abinku. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da ita ce, da na fi jin daɗin ba da ita, don a tatsuniya wani ne yake shan kunya.

Ba zan taɓa mantawa da shekarun matsin tattalin arziki da ake ce wa lakiris ba, kuma a cikinsu ba zan taɓa mantawa da ranar da na yafa mayafina na zuwa biki, na hau tudun jami'a, na je ƙwato jikana daga hannun masu shan jini ba.

Yaron nan ɗan ɗana ne. Ranar suna aka raɗa masa sunan Malam, mai gidanmu, wato kakansa. To kun san mu, mace ba ta kama sunan mijinta, ko da a kan jariri ya sauka. Sai na riƙa ce masa Maigida, unguwa duka ta ɗauka, har aka manta da sunan yankan. Da ya yi baki shi ma yake ce mini Uwargida. Yana tambayata tuwonsa, ina tambayarsa cefane. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, ubansa direban babbar mota ne, hanya ce gidansa. A ɗakina ya tashi, a nan unguwar Birketeri, cikin hayaƙin tsire, wanda a nan muke ce wa soya, da ƙarar keken ɗinki.

Malam mahauci ne. Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani aka yi masa aiki a asibiti, na ga an rataya wata leda a saman gadonsa, da wani ruwa a ciki mai launin man gyaɗa. Na tambayi yarinyar da ke kula da shi, ta ce, "Filasma ne, Mama. Ruwan jini ne, daga jikin mutum ake tace shi." Ni da ban taɓa zama a bencin makaranta ba, Faransancina bai wuce ƙidayar kasuwa da "sannu" da "sai gobe" ba, amma wannan kalma ta shige ni ta zauna. Malam bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Sai lakiris ta zo. Aka zabge albashi, kuɗin ƙasa ya faɗi, aka daina ba ɗalibai ɗan abin da ake ba su. Ma'aikatan gwamnati na unguwar Cité Verte da a da suke zuwa da mota su naɗi soya, sai ga su a gaban kaskona da sassafe suna sayen ƙosai suna roƙon gyara. In yunwa ta shiga gari, magana ma shiga take. Wanda ya yi ƙiba a ce ya shiga ƙungiyar asiri, wanda ya rame a ce ƙungiya ce take shan sa. Kullum da labarin wani da ya ba da jinin ɗan'uwansa don ya sami kujera. Ni dai ina ji ina cewa Allah ya tsare, ban san a ƙofata maganar za ta kwana ba.

A lokacin Maigida ya kai ƙarshen karatunsa na kimiyya, wai shi fizik. (Ni a zatona gyaran rediyo yake koya, irin na manya.) Wata rana ya zo ya durƙusa ya roƙe ni motar firigon Malam, wato injin firjinsa, wanda ya daina sanyi tun kafin rasuwarsa. Na ba shi. Ya riƙa yawo a kasuwar Mokolo yana tsintar wayar jan ƙarfe wurin masu tsofaffin kaya. Bayan nan ya ce in ara masa barguna, za su toshe tagogi, wai abin nasu ba ya ganuwa sai da duhu. Ga shi ya rame, ido ya yi ja, ɗan yatsa ɗaya ya ƙone.

Rannan yana zaune da abokinsa a bakin kaskona suna shan koko, suna ta Faransanci, sai kalmar nan ta faɗo cikin kunnena kamar tsakuwa a shinkafa.

Na ce, "Maigida, me ya haɗa ka da filasma?"

Ya ce, bakinsa cike da ƙosai, "Ai mu muke haɗa shi, Uwargida. A kwalba. Jiya ya ƙi kamawa, amma yau ya yi ja, gwanin kyau. Da kin gani."

Da na ƙara tambaya ɗaya tak, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma tsoro ba ya tambaya. Na juya ƙosaina. Na ce a raina, firigo don ajiya, bargo don ɓoyewa, ga rama. Me ya rage?

Ina da maƙwabciya, Asta, 'yar Garwa, tana sayar da yaji da kuka a Mokolo. Ita ce mai Faransancin layinmu. Na kai mata kukana, ta ce in bar mata. Ta tare shi a bakin famfo ta ce ya faɗa mata sunan karatun nasa, shi kuwa da murna ya jero mata shi tiryan-tiryan. Ta shigo ɗakina ta turo ƙofa.

"Adda, abin ya fi yadda kike zato. Da kunnena na ji. Akwai jini. Akwai zakuna. Akwai tashin hankali. Kuma duk an ɗaure su da maganaɗisu."

"Zakuna, Asta?"

"Liyon ya ce. Ko liyon ɗin ma sai an fassara miki?"

Ana cikin haka ya zo mini da albishir. Wata babbar malama za ta zo daga ƙasar waje ta ga aikinsa a gaban malamansa. In ta gamsu, za ta tafi da shi babban ɗakin gwajinsu ya ci gaba da karatu. Ya ce, "Uwargida, ki yi mini addu'a. Gwamnati ba ta ɗaukar kowa yanzu, 'yan ajinmu na baya ga su can suna tallan gwanjo. Ƙofar ke nan guda ɗaya." Na ce Allah ya taimaka. Da ya fita Asta ta leƙo ta ce, "Uwar ƙungiyar ke nan. Ranar miƙa shi ce."

Ranar ta zo. Na karɓi ruwan tofi a wurin limaminmu (na ce masa ciwon kai ke damuna, kuma ban yi ƙarya ba), na zuba a ƙaramar kwalba. Muka cusa kanmu a taksi ni da Asta, aka sauke mu a gindin tudu, muka haura da ƙafa. Ban taɓa taka wurin ba. A bakin ginin wani mai gadi ya tare mu ya ce wa muke nema.

Nan fa ake yin ta. Sunan yana bakina, amma harshena ya ƙi ɗaga shi. Shekara da shekaru ban furta shi ba, ba a gaban wani ƙato mai hular kwano zan fara ba. Asta kuwa ba ta ma san yaron yana da wani suna ba.

Na ce, "Ki ce masa maigidana nake nema."

Ta ce, "Son mari."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a ina mijin nawa yake aiki. Wannan na amsa da kaina, na ce, "Filasma." Ya nuna mana wani lungu ya ce ɗakin ƙarshe.

Asta ta daƙile murya ta ce, "Kin ji, Adda? Har mai gadi ya sani. Ko ɓoyewa ba sa yi."

Na tura ƙofar. Duhu da rana tsaka. Ga bargunana a tagogi, har da mai zanen dawisu da na kawo daga gidanmu. Mutane zaune jeri-jeri, ba mai tari. Ga wani gurnani yana tashi daga ƙarƙashin tebur, kuma na san muryar, ta firigon Malam ce. A kan teburin wata doguwar kwalba ce kwance, ta kai tsawon taɓarya, an naɗe ta da wayar jan ƙarfe. A cikinta wani abu ja, ja mai sirkin shuɗi, yana haske yana rawa. Gefe ga wani ɗan akwati mai gilashi, wani koren zare yana mutsu-mutsu a ciki kamar tsutsa. Maigida yana tsaye cikin kwat na aro, hannunsa a kan wani maɓalli. Kusa da shi wani dattijo mai furfura, a gabansa wata tsohuwar baturiya da tabarau, ta miƙa wuya tana kallon kwalbar kamar mai jin ƙishirwa.

Na karanta duk abin da na iya. Na bi gurnanin nan da ido har bango, inda wayoyinsu duka suka haɗu a wuri ɗaya. Na sa hannu na fizge.

Gurnani ya tsaya. Jan hasken ya mutu. Sai wani sauti, ƙulu-ƙulu-ƙulu, kamar ana tsiyaya ruwa daga buta. Wani ya ja bargo ɗaya, haske ya shigo, na ga wani baƙin abu mai kauri yana hawa ta cikin tiyo yana malala cikin kwalbar.

Na ce, "Ga shi nan! Ga jinin ya fito! Ku sakar mini maigidana!"

Asta ta ɗaga murya har ɗakin ya amsa, "Lâchez son mari!"

Sai na ga kawuna suna juyawa, ba wajen yaron ba, wajen dattijon nan mai furfura, don a ɗakin kaf shi kaɗai ne ya yi kama da mijin tsohuwa. Wani ɗalibi daga baya ya ce wani abu da siririyar murya (daga baya aka ce mini cewa ya yi, "Farfesa, ashe madam ce?"), ɗakin ya fashe da dariya. Dattijon ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda aka tsare a hanya, yana girgiza kai. Ni kuwa na buɗe kwalbar tofina zan watsa wa wayoyin.

Maigida ne ya riƙe mini hannu. Ɗaya hannun nasa ya matse tiyon nan da shi, ya durƙusa a ƙasa, man ya ɓata kwat ɗin mutane. Shi kaɗai ne ba ya dariya.

Ya ce, "Man mota ne. Man firigon ne ya koma ciki." Sai ya ɗago ya dube ni. "Kaka, me kika yi?"

Kaka. Tun da ya yi baki bai taɓa kirana da wannan ba. Dariyar mutane ba ta taɓa ni ba, wannan kalmar ce ta cire mini mayafi a tsakiyar kasuwa. Da ƙasa tana da ƙofa da na shige na ja ta.

Yanzu ku ji halin mutumin kirki. Farfesan nan ya ɗaga murya sau ɗaya, ɗalibai suka fice. Ya jawo kujerarsa ya zaunar da ni, ya ce da yaron ya tambaye ni me na zo yi. Na faɗa. Na ba da labarin Malam, da ledar da aka rataya, da abin da yarinyar asibiti ta ce mini, da maganar da ake yi a gari. Maigida yana fassarawa, muryarsa tana sauka. Baturiyar ta cire tabarau tana gogewa.

Farfesa ya ce, "Mama, ba ki ji ƙarya ba a asibiti. Kalmar tamu ce mai fuska biyu. Likitoci sun ɗauki ɗaya, mu muka ɗauki ɗaya. Namu filasman iska ce da wuta ta ratsa, ba ta taɓa shiga jikin kowa ba." Sai ya dube ni. "Amma ni ma ina da tambaya. Yaya aka yi yaron nan ya zama mijinki?"

Maigida ya yi masa bayani, kansa a ƙasa. Dattijon ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce, "To ashe ku ma kuna da irin tata. Na yafe miki filasmana, ki yafe mini maigidanki."

Asta ta ce, "To zakunan fa?"

Maigida ya ce, "Iyon na ce, Goggo Asta. Iyon. Ba liyon ba."

Ta ce, "Haka dai ka ce yanzu."

Saura babbar magana. Kwalbar ta ɓaci, sai an kwance an wanke an busar, kuma baturiyar da yamman nan za ta kama hanya. Ba ta ga abin da ta zo gani ba, don a daidai lokacin da zai murɗa maɓallin na shigo. Na ga Farfesa ya ja ta gefe yana magana a hankali, tana duba agogo, yana ƙara magana. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na san na yi salati har bakina ya bushe. Can sai ta yi murmushi ta gyaɗa kai. An ce mini abin da ya faɗa mata shi ne, a garin nan wuta tana ɗaukewa ba sallama, kowa ya saba jira, yau dai ɗaukewar ce ta zo da ƙafarta sanye da mayafi. Ta yarda ta ƙara kwana.

Na koma gida ni da Asta. Yaron bai dawo ba, suna can suna wanki. Washegari ban hura wuta ba. Tun da na fita takaba ban taɓa fashin suya ba sai ranar. Ina zaune a ɗaki ina tunanin yadda zan dubi ubansa in ce ni na rufe wa ɗanka ƙofa, sai na ji hayaniya a waje.

Farfesa ne. Ya kutso da tsohuwar motarsa cikin layinmu, wadda tun da aka zabge albashi yake ɗan ɗaukar fasinja da ita bayan aiki. Asta kuwa, Allah ya shirye ta, tun asuba ta gama raba labarin gida-gida. Mata suka fito ƙofa. Matar tela ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ango ya zo ɗaukar amarya!" Mahauta suna buga wuƙa a kan tebur. Shi bai ji Hausa ba, yana ta ɗaga musu hannu yana murmushi, abin da ya ƙara rura wutar ke nan. Ya ce ba za a fara ba sai da ni. Na ja mayafi na rufe fuska na shiga mota, wanda ya sa na ƙara yin kama da abin da suke faɗa.

A kujerar gaba aka zaunar da ni, nesa da bango. (Na lura an sa wani ƙaton ɗalibi ya tsaya a gaban wayoyin.) Aka toshe tagogi. Motar Malam ta fara gurnani. Aka jira, aka jira, kwalba ba ta ce komai ba. Sai wani ɗan ja ya ɓullo a baki ɗaya, ya yi kamar zai koma, ya miƙe ya cika kwalbar. Wallahi abin yana da kyau. Jiya ma haka yake, idona ne bai gani ba.

Maigida ya nemi izinin malamansa, ya juyo gare ni ya fara da Hausa.

Ya ce motar firigon zuƙe iska take daga kwalbar, sai kaɗan ta rage. In lantarki ya ratsa ragowar, sai ta farfashe ta zama 'yan mitsi-mitsin abubuwa, wasu masu nauyi, su ne iyon, wasu marasa nauyi masu gudu. Wayar da aka naɗe ita ke zama maganaɗisu, ta tsare su a layi kada su watse. Ya ce, "Ki ɗauka layin masu kayan miya ne a Mokolo. In an ture ta farko, ta ture ta kusa da ita, ita ma ta ture ta gaba, turin ya tafi har ƙarshen layi alhali kowa tana wurinta. Haka sauti yake tafiya a cikinsu. Dubi zaren." Na duba, koren zaren yana hawa yana sauka a natse kamar numfashin mai barci.

Ya ce, "To yanzu ga 'yan meri, ma'aikatan hukuma masu korar 'yan talla, sun shigo kasuwa." Ya murɗa maɓallin. Marasa nauyin suka ƙara gudu ta tsakanin masu nauyin, in ji shi, turi ya haɗu da turi ta ko'ina. Zaren nan ya haukace, ya yi gashi-gashi, ba gaba ba baya. A raina na ga tire yana tashi, tumatir yana gangarawa, kowa na ihu ba mai jin wani. Ya ce wannan hargitsin yake aunawa, yaushe yake farawa, kuma yaya yake tare wa wutar hanya. Ya ce rana da walƙiya ma irin abin da ke cikin kwalbar ne.

Na ce a hankali, "Duk a motar firigo?"

Ya ce, "Duk a cefanenki, Uwargida."

Ban ji sauran ba, da Faransanci aka yi, kuma ni kuka nake a cikin mayafi. Na dai ga baturiyar ta tashi ta matsa kusa da koren zaren ta daɗe tana tambaya, yana amsawa, daga ƙarshe ta miƙa masa hannu.

To ga inda kowa ya kwana. Baturiyar ta tafi da shi, ya yi shekaru a can cikin sanyi, ya dawo yana koyarwa, yanzu shi ma furfura ta fara fito masa, kuma abokan karatunsa har gobe "le mari", wato miji, suke ce masa. Farfesa ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Duk babbar sallah sai na aika masa da cinya da kilishi, shi kuma ya aiko da buhun makabo, wato gwaza, ya ce a gaida madam, har Allah ya karɓi abinsa. Ban iya biyan mutumin nan ba. Ya ga tsohuwa ta tozarta kanta ta kusa tozarta ɗalibinsa, ya ba ta kujera. Asta tana nan, haƙora sun zube, kuma har yau in an tayar da maganar cewa take ita fa liyon ta ji. Motar firigon an dawo mini da ita, tana ƙarƙashin gadona.

Ni kuwa abin da na koya bai da yawa. Na yi shekaru ina mamakin mutanen da ba su san maigida yana iya zama jika ba, ashe ni ma ina yawo da rabin kalma ina tsammanin ita ke nan. Yanzu in na ji abin da ya tsorata ni, sai na tambaya sau biyu, kuma ba Asta nake tambaya ba. Ga kunnuwanku nan, na gode da aro. Wanda zai fita ya kashe mini fitila, ni tun ranar ba na taɓa wayar kowa.